Ƙafata ta ƙi bin ƙwallo a wasan pinpon, a taimaka min

Salamu alaikum 'yan uwa masu buga pinpon, wato ƙwallon tebur. Wata shida kenan ina bugawa nan Zinder, kullum bayan la'asar, hannuna ba laifi amma ƙafafu kamar an kafa su da siminti. Da an jefo min ƙwallo can kusurwar dama sai in miƙa hannu kawai maimakon in matsa, in na matsa kuma ƙafa ta harɗe, jiya saura kaɗan in faɗa kan tebur.

Na gwada tsallen igiya minti 10 da asuba, da gudu har unguwar Birni in dawo, amma kafin a kai maki 11 a zagaye na uku cinyoyina sun mutu, ga zafin Damagaram.

Wai ya kuke koyon matsawa gefe-gefe kuna ɗan durƙushe? Kuma sau nawa a sati?