Neman kalma: me za mu kira "remittance" da Hausa?

Mai Shirin Rediyo: Salamu alaikum jama'a. Jibi 16 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don kuɗin da mazauna waje ke aiko wa iyalansu, kuma ina da shiri a kai. Rahoton Bankin Duniya nake fassarawa, kalmar nan ta cika shi. In kowane layi sai na ce "kuɗaɗen da 'yan ƙasa mazauna ƙasashen waje ke aikowa gida", minti goman da aka ba ni ya tafi. Ga shi ba ƙaramin abu ba ne: a 2023 Najeriya ta samu kusan dala biliyan 20, Indiya ta haura biliyan 100. A taimaka da gajeriya.

Ɗan Tawa: Kuɗin ci-rani. A garinmu ana gama girbi samari ke kama hanyar Abijan ko Libiya, abin da suka turo da shi ake awon hatsi kafin gero ya nuna.

Hajiyar Manchester: Haba malam. Shekarata 14 ina aikin jinya a nan, wane rani nake ci? Ɗan ci-rani ruwan farko na sauka zai koma gona.

Ɗan Tawa: Allah ya huci zuciyarki Hajiya, amma duk wanda ya bar gida neman abinci ai sunansa ɗaya, ko da jirgin sama ya tafi.

Malamin Hausa: Ku dakata. Na daɗe da ƙirƙiro ta: tuna-gida. Gininta irin na ci-rani da faɗi-tashi, kuma ta ɗauko zumuncin da ke cikin abin.

Mai Shirin Rediyo: Malam na gwada ta. Akwai inda rahoton ke cewa tura dala 200 zuwa Afirka kudu da Sahara na cin kusan kashi 8 cikin 100, alhali burin da aka sa shi ne ƙasa da kashi 3 nan da 2030. In ce "tsadar tuna-gida"? Sai a zaci waƙa zan sa.

Hajiyar Manchester: Kuɗin aike fa? Mahaifiyata cewa take "aikenki ya iso".

Mai Shirin Rediyo: Da na so ta, amma a wannan jimlar sai ta rikice da ladan mai aikawa. "Aiken gida" kuma a rediyo za a ji "aikin gida".

Bahaushen Sudan: Mu nan hawala muke cewa.

Malamin Hausa: Mun gudu daga Turanci mu faɗa Larabci ke nan? Ban da haka, a rahotannin nan hawala hanyar bayan banki ce, ka ba ɗan kasuwa a can, ɗan'uwansa ya biya naka a nan. Irinta ce ma ba ta shiga alƙaluman sosai.

Bahaushen Sudan: Malam, "alƙaluma" da ka rubuta yanzu daga ina ta zo?

Malamin Hausa: Waccan ta shekara ɗaruruwa a bakinmu.

Ɗan Tawa: Matsalarku ke nan mutanen Kano, sai abin da kuka sa wa hannu ne Hausa.

Malamin Hausa: Ni Bakatsine ne, ƙanena.

Mai Shirin Rediyo: Don Allah jibi ne fa. Ga abin da zan yi: in faɗi doguwar sau ɗaya a farko, daga nan "kuɗin aikowa gida". Abin da kamfani ke yanka kuma "ladan turawa".

Malamin Hausa: Wannan bayani ne, ba kalma ba. Amma je ka da ita. Ka dai ambaci tuna-gida ko sau ɗaya mu ji abin da masu kiran waya za su ce.

Mai Shirin Rediyo: In lokaci ya rage, Malam.