Allurar mai na kwanciya in inji ya yi zafi: mai kauri ne magani?

Mai 1113, Ali Ɗan Tsoho: Salamu alaikum jama'ar gurup. Ina da tsohuwar Mercedes 1113 mai inji OM352, aya da gyaɗa nike ɗauka da ita tsakanin Tasawa da nan Maradi, wani lokaci har Ɗan Isa. Sati biyu kenan barci ya gagare ni. Da safe in an tada ta allurar tablo mai nuna presiyo (ƙarfin turin baƙin mai) tana hawa har bar 4, amma in munka yi tafiya inji ya ɗau zafi sai ta riƙa saukowa, jiya da su direba sunka tsaya Gazawa a ralanti (inji na aiki ba a taka wuta ba) allurar kwance take kusa da sifili, in direba ya taka wuta ta ɗan ɗago wajen 2. An ce min in zubar da man 15W40 in zuba mai kauri SAE 50 magana ta ƙare. Don Allah gaskiya ne? Motar ga ita ce abincin gidana.

Tsohon direba, Tibiri: Wa alaikumus salam Alhaji. Wanda ya gaya ma haka bai yi ƙarya ba. Ni na ja Berliet na ja Mercedes, tun hanyar Dakoro ba ta da kwalta muke wanga aiki, tsohon inji tsohon mutum ne, ba a ba shi koko mai ruwa. Ka dubi zafin da muke ciki watan Afrilu da Mayu, sama da digiri 40, man nan na zamani yana zama kamar ruwa. Zuba 50 ka ga allura ta miƙe.

Mai sayar da piyes, Babbar Kasuwa: Famfon mai ne ya gaji Alhaji, ba wani abu ba. A canza famfo a huta.

Makanike, Sabon Gari: Baba ina ganin girmanka wallahi, kuma ban ce allura ba za ta miƙe ba, za ta miƙe. Tambayar ita ce me ya kwantar da ita tun farko. Kai kuma mai piyes ka yi haƙuri, famfo shi ne abu na ƙarshe da nike zargi, don cikin mai yake wanka dare da rana, da wuya ya riga kusine (ɓawon ƙarfen da babban sandan inji, wato bilbirke, ke juyawa a ciki) mutuwa. Ku gane abu ɗaya, famfo turo mai kawai yake yi, presiyo kuwa daga matsin hanya take fitowa. Kamar tiyon ban ruwa ne a fadamar gulbi, in ka toshe bakin da yatsa ruwa ya yi ƙarfi, in ka saki ya zubo salaf alhali injin ban ruwan bai canza ba. To yatsan nan a cikin inji shi ne ɗan tsakanin da ke akwai tsakanin kusine da bilbirke, siriri ne kamar gashin kai, in ya buɗe mai ya tsere ta nan. Da safe mai na da kauri sai ya ɓoye laifin, da zafi ya tsinke asiri ya tonu. In ka zuba 50 ka rufe bakin allura ne, cin da ƙarfe ke yi bai tsaya ba.

Tsohon direba, Tibiri: To ai ka faɗi da bakinka, in hanya ta buɗe sai a kawo abin da ka cika ta. Yaro, ba kowa ke da kuɗin sauke inji ba. Mutum na da iyali ka ce mishi ya aje mota wata guda?

Makanike, Sabon Gari: Ban ce a sauke inji ba Baba, cewa na yi a auna. Ita kanta allurar tablo ban yarda da ita ba sai na gwada, mota mai shekaru haka sonda (ɗan abin da ke aika wa allura labarin presiyo) na mutuwa, waya na cin tsatsa. A kwance sondar a ɗaura mano na hannu (ma'aunin presiyo) a ramin, a bar inji ya yi zafi sosai kamar an yi tafiya, a karanta a ralanti a kuma karanta da wuta. Aikin da bai kai awa ba. Irin injin nan da zafi a ralanti in ya sauka ƙasa da rabin bar to akwai magana, da wuta kuma ana son ya wuce 2 da rabi. Na taɓa ganin an sauke inji lafiyayye an kashe kuɗin da sai da anka saida rago biyu, ashe sonda ce, mai motar har ƙwalla ya yi a gabana. Abin bai bar raina ba har yau.

Ɗan Jibiya: Mu can abin da kuke ce ma kusine metal muke ce mai. Ni ina bayan makanike amma in ƙara, ku kwance filta ku yanka ta ku buɗe takardar a rana, in kun ga ƙyalƙyali kamar garin tagulla to metal ya ci har ya kai jan ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, kar motar ta ƙara ko taku ɗaya da kaya. Sannan man da ake sayarwa a bido bakin titi a yi hattara, wani an rubuta 50 a jiki amma Allah kaɗai ya san abin da ke ciki.

Yaron garaji, Zariya: Maigida ni na ga ana sa rondal (wanshi) biyu a bayan resor (sifirin) na kilape, presiyo ta hau nan take

Makanike, Sabon Gari: Ƙanena kar ka koyi wannan. Kilapen nan aikinsa ya buɗe in presiyo ta yi yawa ya maida mai karter (tukunyar mai ta ƙasan inji), in ka tsaurara resor sai dai ka ƙara na sama, da safe allura ta buga ƙarshe har ta iya fasa jiwan (robar bakin) filta, amma a ralanti da zafi kilape a rufe yake dama, rondal ba abin da za ta yi. Sai dai in datti ne ya maƙale shi a buɗe, wannan kam a ciro a wanke. Haka rariyar da ke bakin bututun famfo cikin karter, masu shafa silikon kamar suna shafen ɗaki su ne ke toshe ta, na sha ciro guntayensa kamar taliya.

Mai piyes, Babbar Kasuwa: Amma dai famfo na gajiya, kar a maida shi waliyyi. Haƙoransa na ci.

Makanike, Sabon Gari: Na yarda yana gajiya, in an buɗe karter a duba shi. Sabon famfo a kan kusine da ya buɗe dai asarar kuɗi ce.

Mai 1113, Ali Ɗan Tsoho: Allah ya saka da alheri duka. Bari in faɗi wani abu da na ɗauka alheri ne, da motar nan duk tafiya biyu sai an ƙara mata lita guda, amma watan nan ba ta ci mai ba ko kaɗan, direba ma ya ce kamar ƙaruwa yake a sandar awon mai.

Makanike, Sabon Gari: Innalillahi. Alhaji wannan ai da shi ya kamata ka fara! Mai ba ya haihuwa. Yanzu yanzu ka je ka zaro sandar ka shinshina, ka ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ka gani ko zai bazu da sauri ya yi zobe mai haske a gefe. In launinsa ya koma kamar shayi da madara ruwa ne ke shiga, in baƙi ne amma tsinkakke yana warin gazuwal to gazuwal ne. OM352 anjakte ɗinsa (masu fesa gazuwal) a ƙarƙashin murfin kai suke, da siririn bututun da ke maida ragowar gazuwal, in ya tsage ko wanshinsa ya saki kai tsaye cikin mai yake zuba ba ka ganin ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Kar a tada ta don Allah.

Mai 1113, Ali Ɗan Tsoho: Na je. Wallahi warin gazuwal har hannuna, kuma ya wuce alamar sama da kusan yatsa biyu, yana zuba daga sandar kamar ruwan shayi. Jikina ya yi sanyi.

Makanike, Sabon Gari: To Baba ka gani, da an zuba 50 kwana uku allura ta yi kyau, gazuwal ya ci gaba da tsinka shi ba wanda ya sani sai ranar da biyel (sandar da ke haɗa fistan da bilbirke) ya buga a tsakiyar daji da tan goma a baya.

Tsohon direba, Tibiri: Wanga kam ka yi gaskiya, ban san da zancen ƙaruwar mai ba, da na sani ba ni cewa haka. Amma ina nan kan bakata, bayan an gyara yoyon injin ga ba sabo ba ne, kuma sati biyu ya yi yana gudu da gurɓataccen mai. Ni dai ba ni maida mishi 15W40.

Makanike, Sabon Gari: A nan za mu iya haɗuwa a tsakiya. A gyara bututun, a yi vidanji da sabuwar filta, a auna da mano na hannu da zafi. In ya ba da rabin bar ko sama kaɗan kuma filtar da aka yanka ba tagulla, 20W50 na kirki ba laifi ba ne a zafin nan namu, ya fi 50 zalla don da sanyin Janairu 50 zalla yana jinkirin hawa sama wajen kulbite (ƙarafunan da ke ƙarƙashin murfin kai) in an tada da asuba. In kuwa har da sabon mai allura ta kwanta, sai a sauke karter a ga kusine, in bilbirke ya yi zane a kai shi rektifiye (a goge shi a rage) milimita 0.25 ko 0.50 gwargwadon ciwon.

Ɗan Jibiya: Kar a jefar da tsohuwar filtar fa, ita ce shaida.

Mai 1113, Ali Ɗan Tsoho: Na hana direba taɓa makulli. Malam makanike gobe in Allah ya kai mu bayan sallar asuba zan turo yaro ya ɗauko ka da babur, motar na ƙofar gida, ka zo da manon naka da zarton yanka filtar.