Muhawara: Diazepam ne maganin firgitar farat ɗaya?

Mai kemis: Ni dai ina kan bakana. Mutum na zaune lafiya lau, sai gabansa ya yanke ya faɗi, zuciya na dukan uku-uku, gumi na keto masa, numfashi ya sarƙe, yana ganin mutuwa ce ta zo. A ba shi diazepam, ƙwayar nan mai kwantar da hankali da sa barci, miligiram 5 ya samu sa'ida, mene ne laifi?

Likita: Malam, duba lokaci. Firgitar kan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, yawanci ta lafa kafin minti 30. Ƙwayar da aka haɗiya kuwa sai ta ɗauki minti 15 zuwa awa guda kafin ta fara aiki. Sau da yawa abin ya wuce da kansa, sai a yaba wa ƙwaya. Daga nan mutum ba ya fita sai da ita a aljihu. In ya sha kullum na mako 2 zuwa 4, jiki na iya sabawa, daina ta kwatsam kuma kan jawo rashin barci, rawar jiki, har jijjiga. In aka haɗa da tramadol ko kodin, numfashi na iya tsayawa.

Mai kemis: To Likita, a bar shi yana shure-shure ke nan?

Nas: A'a. Zaunar da shi, a rage taron mutane. Saurin numfashi ne ke fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, shi ke kawo jiri, yatsu da leɓe su yi kamar sun mutu. Ya ja iska ta hanci ana ƙirga 4, ya fesar ta baki ana ƙirga 6, hannunsa a kan ciki don ya ji cikin ne ke ɗagawa. Ka riƙa ƙirgawa tare da shi. Don Allah kada a kifa masa leda a baki. In asma ce ko ciwon zuciya, an ƙara masa wahala.

Likita: Nan ne babbar damuwata, Sista. Karon farko dole a je asibiti, a yi awon zuciya, sukari, yawan jini da sinadarin tayirod, wanda wata gaɓa a wuya ke fitarwa. Ciwon ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi, ko suma, ba a jira. A tambaye shi goro, kofi, lemon ƙarin kuzari da wiwi, duk suna tayar da ita.

Nas: Amma ban yarda a rufe wa diazepam ƙofa gaba ɗaya ba. Sertraline, maganin da ake sha kullum don hana firgitar dawowa, ana farawa da miligiram 25, bayan mako guda a kai 50, kuma a kwanakin farko fargabar na iya ƙaruwa. A nan mutane ke jefar da magani.

Likita: Akwai likitocin da ke haɗa diazepam da sertraline na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma da takarda da ranar dainawa. Na fi son a gaya wa mara lafiya tun farko cewa sai mako 4 zuwa 6 zai ga amfanin sertraline, kuma zai ci gaba aƙalla wata 6 bayan ya samu sauƙi. Sannan zaman gyaran tunani, inda ake sa shi ya hau bene da gudu da gangan, ya ji bugun zuciya, ya ga bai mutu ba. Gujewa kasuwa ko mota saboda tsoro shi ke ƙara ɗaure cutar.

Mai kemis: Wanda ke ƙauye, nesa da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Kware a Sakkwato fa?

Likita: Babban asibitin da ya fi kusa ya fara zuwa, likitan can zai iya rubuta sertraline ko makamancinsa, fluoxetine. Wanda kuma ya riga ya saba da diazepam, kada ya yanke rana ɗaya, a rage masa kaɗan-kaɗan cikin makonni.