"Takardar bogi" ce ko ba bogi ba?

Mai Tura Fim, Katako: Jama'a, abin nan ya tsaya mini a rai. A 2023 kotun Munich ta Jamus ta ce Netflix ya taka takardar haƙƙin mallakar ƙirƙira ta kamfanin fasaha na Broadcom kan HEVC, dabarar da ke matse bidiyo don kada ya cinye forfe. Har tarar Yuro miliyan 7.05 aka ɗora masa, sama da miliyar 4 da rabi na sefa. Sai a 2024 wata kotun Jamus ta soke takardar! Ashe takardar bogi ce. Irin wannan shari'a, mu masu kallo ne muke biyan kuɗinta a ƙarshe.

Ɗan Jami'a: Yaya, cire kalmar bogi. Ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ne ya ba da ita. Sokewa daban, jabu daban. Ana soke takarda in an gano dabarar sananniya ce tun da can, ko sabuntarta ba ta kai a ba ta kariyar shekara 20 ba.

Mai Tura Fim: Abin da aka soke ai bogi ne.

Ɗan Jami'a: A Jamus kotun da ke duba an taka haƙƙi daban take da mai duba ingancin takardar. Shi ya sa hukunci ɗaya ya riga ɗaya.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana, ni na san bogi. Atamfar da ka wanke sau ɗaya ta zuba, ita ce bogi. Wannan kuwa ta yi shekaru a hannunsu.

Ɗan Adar, Tawa: To kai mai tura fim, mi ka sani ga haƙƙin mallaka? Fim nawa na Kano ka cika ma mutane a katin waya? Ka biya masu shi ko dala?

Mai Tura Fim: Malam, kada ka taɓa sana'ata. Da ita nake ciyar da ƴaƴa biyar. Ku a Tawa ba ku turawa?

Ɗan Adar: Daga Yamai ake kawo muna.

Ɗan Jami'a: Mu ma fa muna da namu ofishin rajistar ƙirƙira, OAPI, a Yawunde, Nijar na cikin ƙasashe 17 ɗinta.

Hajiya: Ɗan Adar, ba a tona asirin mai neman halak ɗinsa a gaban jama'a. Ka ba shi haƙuri.

Ɗan Adar: Hajiya, don girmanki na yi shiru, amma ban janye ba.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda manyan kamfanoni na tatsar mutane da takardun da ba su da tushe, kamar yadda ƙanena na Katako ya faɗa. Ɗan Jami'a ya kawo ɗan gyara kan lafazi, mun gode. Maganar katin waya kuma ba a nan za a yi ta ba, duk wanda ya sake tayar da ita zan cire shi.