Yarinya mai farfaɗiya da allurar ƙyanda: a yi mata ko a bari?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda Allah Ya ba sani a kan wannan al'amari. 'Yata tana da shekara 2 da 'yan watanni, kuma tun tana wata 8 likita ya tabbatar mana cewa farfaɗiya ce ke damunta, ya ɗora ta a kan maganin sodium valproate na ruwa, safe da dare. Alhamdu lillahi, rabonta da faɗuwa ya haura wata 6. Da yake ciwon ya fara dab da lokacin allurar wata 9, ba a yi mata ta ƙyanda ba, ta wata 15 ma ta wuce mu. Yanzu zafi ya shigo, ƙyanda ta ɓulla a layinmu, har ta kwantar da yaran maƙwabta. Surukata ta dage cewa kada a kuskura a yi mata allura, domin allura tana kawo zazzaɓi, zazzaɓi kuma shi ne ke tayar mata da ciwon. Ni kuma tsoron ƙyandar ya hana ni barci. Wanne ya fi haɗari ga yaro irin wannan, allurar ko cutar?

Malamar Asibiti ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya ba ta lafiya. Maganar Hajiya surukarki tana da tushe, domin zazzaɓi yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya, kuma allurar ƙyanda takan kawo shi ga wasu yara. Sai dai ya kamata a auna zazzaɓin biyu. Na allura yakan zo ne kamar kwana 7 zuwa 12 bayan an yi ta, ya yi kwana ɗaya ko biyu ya sauka, kuma yawancin yara ba sa ma yin sa. Jijjigar da ke biyo bayansa tana samun kusan yaro 1 cikin 3,000 zuwa 4,000. Zazzaɓin ƙyanda kuwa yakan kai maki 40, ya ɗauki kwanaki, ga tari, ga gudawa, ga ciwon baki da ke hana yaro haɗiyar abinci, balle maganin da ake so ya sha kan lokaci. Ban da wannan, ƙwayar bairas ɗin ƙyanda tana iya haurawa ƙwaƙwalwa ta kumbura ta, a kusan yaro 1 cikin 1,000 da suka kamu, kuma cikin waɗanda suka rayu akwai masu fita da kurumta ko farfaɗiyar da ba su da ita a da. Akwai ma wata muguwar cuta da ake kira SSPE, wadda ke bayyana shekara 7 zuwa 10 bayan an ɗauka ƙyandar ta wuce, ta riƙa cin ƙwaƙwalwa a hankali, kuma ta fi kama waɗanda suka yi ƙyanda suna ƙanana.

A ƙasar Denmak an bi diddigin yara fiye da 500,000, aka wallafa sakamakon a 2004. An ga jijjigar zazzaɓi ta ƙaru cikin mako biyu bayan allurar da ta haɗa ƙyanda, amma yaran da suka yi wannan jijjiga ba su fi waɗanda wani zazzaɓin daban ya sa su jijjiga kamuwa da farfaɗiya daga baya ba.

Shawarata ita ce ki kai ta wurin likitan da ke duba ta a wannan makon, da katin rigakafinta a hannu. Farfaɗiyar da magani ya riƙe ba ta hana allura. Inda ake dakatawa shi ne idan yaro yana cikin zazzaɓi mai zafi a ranar, ko yana shan maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki, kamar prednisolone mai yawa da ake ba wasu jarirai masu wani nau'in farfaɗiya, domin allurar ƙyanda ƙwaya ce mai rai da aka raunana. Idan kuma ta riga ta cuɗanya da yaran da suka kamu, allurar da aka yi cikin awa 72 tana iya kare ta, don haka jinkiri ba naki ba ne.

Baban Khalifa ya rubuta:

Malama, ba jayayya nake yi ba, amma abin da ido ya gani da wuya a kankare shi. Ɗan yayata lafiyarsa ƙalau aka kai shi allurar penta, mai kare jarirai daga cututtuka biyar, yana wata 3 da rabi, a daren nan jikinsa ya yi zafi, ya kama jijjiga da gefe ɗaya har aka kwana a asibiti, kuma daga ranar ciwon bai bar shi ba. Duk danginmu a kan allurar suka ɗora laifin, har wasu suka daina kai nasu yaran. Ta yaya za a ce mana babu alaƙa?

Malamar Asibiti ta amsa:

Malam, Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba iyayensa juriya. Ba zan ce babu alaƙa ba, kuma ba zan yanke hukunci a kan yaron da ban gani ba, amma yadda ka siffanta abin ya yi kama da ciwon Dravet, wanda wata likita Bafaranshiya, Charlotte Dravet, ta fara bayyanawa a 1978. Da shi ake haihuwar yaro, yawanci saboda tangarɗa a ƙwayar halitta mai suna SCN1A, kuma yana ɓoye har sai jiki ya yi zafi karon farko, sau da yawa wajen wata 6 ko kafin nan. To, a wannan tsakanin ne ake yin allurai na mako 6, 10 da 14, shi ya sa zazzaɓin allura kan riga kowane zuwa. A 2006 Farfesa Samuel Berkovic da abokan aikinsa a Ostareliya sun gwada mutum 14 da aka ce allura ce ta lalata musu ƙwaƙwalwa, suka samu wannan tangarɗa a jikin 11. Binciken da ya biyo baya a 2010 ya nuna allura tana iya gaggauta faɗuwar farko da 'yan makonni, amma ba ta sauya yadda ciwon zai kasance ba. Da ba a yi masa allurar ba, mura ko zazzaɓin cizon sauro, kai har wanka da ruwa mai zafi, na iya tono shi. Ku tambayi likitan ƙwaƙwalwar yara ko ya yi tunanin Dravet, domin magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin suna ƙara tsananta shi.

Ɗan Tasha ya rubuta:

Ni da kaina nake fama da farfaɗiya tun ina makarantar sakandare, ina shan carbamazepine. An yi mini allurar korona a 2021, hannuna ya yi tsami, na kwana da ɗan zazzaɓi, ban faɗi ba. Abin da ya taɓa kayar da ni bayan dogon lokaci lafiya shi ne wata mura mai haɗe da amai, domin ƙwayar da na sha ta dawo, barci ya ƙaurace mini, na kuma sayi maganin tari a kemis ba tare da na faɗa wa mai shagon abin da nake sha ba. Daga baya likita ya gaya mini cewa wasu magungunan mura masu sa barci, da tramadol, suna sauƙaƙa faɗuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta na erythromycin kuma yana sa carbamazepine ya taru a jini har mutum ya riƙa layi yana ganin abu biyu-biyu. Maman yarinya, ki tambayi likita tun yanzu abin da za ki yi idan ta amayar da maganinta.

Uwar Biyu ta rubuta:

Na gode muku ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mahaifinta ya amince, kuma ya ce shi zai zauna da Hajiya ya yi mata bayani. Saura tambaya ɗaya, Malama: in ba ta farasitamol tun ranar allurar ne?

Malamar Asibiti ta amsa:

Ba shi da amfani a ranar, tunda zazzaɓin wannan allura sai bayan mako guda yake zuwa. Ki tanadi ma'aunin zafin jiki, ki sa mata ido daga kwana na 5 zuwa na 14, idan jikin ya yi zafi ki ba ta gwargwadon nauyinta yadda likita ya rubuta. Farasitamol yana sa yaro ya ji daɗin jikinsa, amma ba shi da tabbacin hana jijjiga, saboda haka maganinta na kullum shi ne abin da ba za a tsallake ba. Kada a ba ta asfirin, musamman da yake tana shan valproate. Kada kuma a ɗauka kowane zazzaɓi na allura ne, a gwada ta ko na cizon sauro ne. Idan ta faɗi, a kwantar da ita a gefenta, kada a cusa mata cokali ko a ɗura mata manja, a duba agogo, in ta kai minti 5 ba ta lafa ba a wuce asibiti. Ki kuma sa su rubuta miki ranar allura ta biyu a katin kafin ki bar wurin.