Ragowar kuɗin jinyar Inna: gado ne ko sadaka?

Salamu alaikum ƴan uwa, ku ba ni shawara don Allah, barci ya ƙaurace mini. Innarmu ta rasu kwana 52 ke nan, sankarar mama. Shekara biyu tana ɓoye ƙullutun, tana cewa dajin maƙiya ne, ana ta jiƙe-jiƙe da turare. Sai da ya fashe zanenta ya fara manne mata muka kai ta asibiti nan Damagaram, aka tura mu Yamai, wajen kilomita 900, tana kwance kan cinyata har muka isa. Matan unguwarmu ta Birni da abokan sana'arta na Kasuwar Dole suka haɗa mana kuɗi, wata mai ƙosai har dala ɗari ta kawo ƙulle a bakin zane. An yi mata shimiyo (ƙarin ruwan maganin sankara) sau uku, ba a kai ga gashi (ƙona ciwon da na'ura) ba Allah Ya karɓi abinsa. Jikka 340 ta rage. Ni so nake in ba masu jinya, na ga matan ƙauye da ba su da ko kuɗin ordonans. Yayana ya ce gado ne. Yaya zan yi?

Alhaji na Zango: Allah Ya jiƙan Inna. Ƴata, gado ne, babu wata magana. Abin da aka ba mara lafiya ya zama nata, ta mutu ya zama na magada, namiji kashi biyu, mace ɗaya. Ki raba, ki yi sadaka da rabonki.

Maman ƴan biyu: Ni fa tun da aka tara wa wani kuɗin fiɗa a gurup ɗinmu, bayan sati uku muka gan shi kan sabon babur, na daina. Jikka goma na ba shi, kuɗin adashina!

Malamin makaranta: Alhaji, da sauran magana. In sun ce "ga na magani", amana ce, ba kyauta ba. A koma wa masu kuɗin a tambaye su. Wa aka damƙa wa, Inna ko ke?

Mai tambaya: Malam, mutum sama da sittin, wa zan bi? Wasu ma ta kamfanin aika kuɗi na Nita suka aiko, ban san su ba. Kuma na riga na ba wata baiwar Allah ƴar Magariya jikka 50, gadon jinyarta na kusa da na Inna a asibiti. Ban ga laifina ba.

Alhaji na Zango: To kin gani! Kin taɓa haƙƙin magada ba da izini ba. A cire hamsin ɗin daga kasonki.

Ma'aikaciyar jinya: Yaya, ki lura, sai a 2021 aka fara gashin sankara a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, kafin nan sai mai hali ya tafi Tunisiya ko Maroko. Har yanzu abin da ke cinye mu shi ne zuwa asibiti a makare. Da ni ce, kuɗin mota da awo zan biya wa mata tun ƙullutun bai fi gyaɗa ba. Kuma kada ki ba kowa a hannu, ki je farmasi ki biya da kanki.

Ɗan jami'a: Me ya sa ba wanda ke zancen bincike? A Turai sadakar mutane na tallafa wa masu binciken maganin sankara.

Maman ƴan biyu: Yaro, jikka 290 za ta yi bincike? Mu da ko farasitamol sai ka saya.

Mai tambaya: Ku ba ku san yayana ba. Wata huɗu muna Yamai sau ɗaya ya leƙo, ni ke wanke ciwon da hannuna. Yanzu ya san gado?

Alhaji na Zango: Jinya lada ce, ba ta ƙara kaso. Na gama magana.

Malamin makaranta: Har yanzu ba ki ce wa aka damƙa wa kuɗin ba.

Mai tambaya: Ya sake kirana yanzu, ban ɗauka ba.