Masu zama a Ili ta Ingila, ku ba mu labarin sayen gida

Ɗan Zazzau
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata uku ina aikin jinya a Kambirij, kuɗin haya ya sha mini kai, ga iyali sun iso bara. Wani abokin aiki ya ce in leƙa Ili, jirgin ƙasa bai kai minti 20 ba. Na je ranar Asabar. Tun daga nesa na hango babbar majami'ar nan da aka fara ginawa a 1083, ta tokare sama a tsakiyar fili fetal. Garin ya kwanta mini a rai, amma ganin yini ɗaya ba zama ba ne. Waɗanda suka saya, don Allah ku fayyace mini.

Maman 'Yan Biyu
Wa'alaikumussalam Malam. Ni kyan gida ne ya ja ni. Ƙaramin gini ne na jan bulo, tafiyar minti biyar zuwa majami'ar, kuma yana cikin gidajen da hukuma ta yi wa rajistar tarihi, mataki na biyu. Lauya ta yi mana bayani, muka ce ba komai. Sai da hunturu ya shigo muka gane. Tagogin katako ne masu gilashi falle ɗaya, kullum da asuba sai na bi su da tsumma ina goge raɓa, bangon ɗakin yara kuwa har baƙi-baƙi ya fara yi. Maigidan ya ce a cire a sa na roba masu gilashi biyu. Ashe sai da izinin ƙaramar hukuma, in ka yi gaban kanka laifi ne da zai iya kai ka kotu. Ƙarshe dai kafinta ya gyara tsofaffin, aka ƙara wani gilashi ta ciki, kuɗin kam ba a magana. Hatta bishiyar bayan gida, kafin a rage mata reshe sai da muka ba da sanarwar mako shida, don unguwar na cikin yankin da ake karewa. Gidanka ne, amma kamar riƙo aka ba ka.

Kawu na Littleport
Ɗana, ƙara da wannan. Ranar da lauya ya ce in sayi inshorar gyaran coci, dariya na yi, na ce ni Alhaji guda? Ya ce tsohuwar doka ce, nauyin biyan kuɗin gyaran cocin a kan filin yake, ba ruwanta da addinin mai gida. A 2003 wasu ma'aurata, iyalan Wallbank, sun sha kaye a kotun ƙoli ta lokacin kan kuɗin gyaran cocin ƙauyen Aston Cantlow. Inshorar ba tsada, na biya na yi shiru.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙasar. Ili kan tudu take, da can tsibiri ce a cikin fadama. Kewayenta kuwa janye ruwa aka yi tun ƙarni na 17, ƙasar tana ta zama har yau, shi ya sa hanyoyin ƙauye suke tudu da kwari. Kada ka yi rowar kuɗin mai duba gini. Kuma a nan Ingila ciniki bai faɗa ba sai an yi musayar takardun yarjejeniya. Gidan farko da na taya, na riga na biya kuɗin dubawa, wani ya ƙara wa mai shi farashi, ya juya mini baya.

'Yar Damagaram
Mu haya muke, Yaya. Kasuwar Alhamis da Asabar akwai kayan lambu masu kyau, yara kuma suna son bakin kogi wurin agwagi. Naman halal ne sai Kambirij. Duk wata muna zuwa Mill Road, mu yi sallah a babban masallacin da aka buɗe a 2019, mu ciko jaka mu zo mu loda a firiza. Daddawa da kuka sai wanda ya zo daga gida. Ka kuma shirya wa Disamba, kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, garin ya yi tsit.

Ɗan Zazzau
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, kin sa na janye daga wani tsohon gida da na ƙyalla ido a kai. Kawu, wanda zai kama aiki ƙarfe bakwai na safe, jirgi ya fi ko hanyar A10?